Akitek ya iya zane, amma ya iya zama da mai gida?

Duk lokacin da gini ya rufta a ƙasar nan sai mu yi kwana biyu muna tsine wa ɗan kwangila da hukumar da ta ba da izini, daga nan a manta sai wani ya sake faɗuwa. Mun gani a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya rufta, mutum sama da 40 suka mutu. Mun gani a Jos a watan Yulin 2024, makaranta ta rufta wa ɗalibai, aka rasa rai 22. Allah ya kiyaye gaba. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Wanda ba ya shiga labarai shi ne gidan ƙaramin ma'aikaci da ya shekara goma yana adashi da cin bashin kofaretib, ya tare, damina biyu bango ya tsage, ɗaki kuma zafi kamar tanda.

Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: me ya sa mai ƙaramin ƙarfi ba ya zuwa wurin akitek? Ku duba unguwarku. Gida nawa ne masanin zanen gine-gine mai rajista ya zana? Yawanci birkila ne ya ja layi da sanda a ƙasa, ko kuma an je shagon wani yaro mai kwamfuta ya buga filan da ya riga ya sayar wa mutum ashirin. Za a ce talauci ne da jahilci. Akwai su, ban musa ba. Amma a ganina akwai laifin horon da muke ba akitek ɗin kansa. Muna koya masa zane sosai, ba ma koya masa zama da mai gida da kuma riƙe ofis.

Ba ƙaramin karatu suke yi ba fa. Shekara huɗu digirin farko, shekara biyu digiri na biyu, bautar ƙasa, sannan aiki a ƙarƙashin babba mai rajista, sannan jarrabawar sana'a, kafin hukumar ARCON, wadda doka ta kafa a 1969, ta sa sunan mutum a littafinta. Ƙungiyarsu ta NIA kuwa tun 1960 take. Jami'ar Ahmadu Bello Zariya na cikin wuraren da suka fi daɗewa suna koyar da wannan fanni a Najeriya, ga Jos, ga Minna, ga Bauchi. Ilimi dai akwai shi. Sai dai mutum ya gama duk wannan, ka zauna da shi minti goma yana zuba maka Turancin da ba ka gane komai ba, ka tashi ba ka san nawa gidan zai ci ba. Gobe sai ka koma wurin birkila, don shi aƙalla yana jin yarenka.

Abu na farko da ya kamata a koyar shi ne sauraro. Kafin a ja layi ɗaya sai an tambayi mai gida: iyalinka nawa? Hajiya za ta zauna tare da ku? Ina baƙi maza za su tsaya ba tare da sun ratsa cikin gida ba? Ina za a ɗora babbar tukunya ranar suna, ina za a yi shanya? Ita uwargida, wadda ta fi kowa wuni a gidan, an ji ta bakinta? Magabatanmu sun san wannan. Zaure da shigifa da tsakar gida duk amsoshi ne ga yadda Bahaushe ke rayuwa, kuma katangar ƙasa mai kauri maganin zafi ce. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai san kwamfuta ba, amma ya san mutanen da yake yi wa gini. Yau sai a kwafo maka gidan gilashi daga intanet, tagogi suna fuskantar rana, wai sai da na'urar sanyaya ɗaki za a iya kwana, a garin da wuta ke zuwa awa uku.

Na biyu maganar kuɗi. Mai gida yana bukatar a gaya masa gaskiya tun ranar farko: abin da ke hannunka zai kai ka linta ne kawai, ba zai kai rufi ba. A rubuta masa ƙiyasi mai kwanan wata, a nuna masa yadda zai yi ginin kashi-kashi ba tare da rodi ya yi tsatsa a waje ba. Kun tuna a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, alhali shekarar da ta gabata kusan rabin haka ake saye. Wanda aka yi wa ƙiyasi da baki a 2023, da farashi ya tashi sai ya ɗauka cutarsa aka yi, a yi baram-baram, gini ya zama kango. Wani kuma don kada ya ji kunya sai a rage siminti a ƙara yashi. Daga nan haɗari ke farawa.

Na uku yarjejeniya a rubuce. Kuɗin da na biya na zane ne kawai ko har da duba aiki? Sau nawa za ka zo fili? Idan na canza ra'ayi na ce a ƙara ɗaki, nawa zan ƙara? Wa zai kai takardu hukumar tsara birane don neman izini? Shafi biyu sun isa, kuma babu dokar da ta hana a yi shi da Hausa. A wurin aikinmu muna ganin ƙorafe-ƙorafe iri-iri, kuma mafi wuyar sasantawa shi ne wanda kowa ke rantsuwa amma babu takarda ko ɗaya. Ɗan uwantaka ba ta hana rubutu, rubutun ne ma ke tsare ta.

Na huɗu, wanda ya fi tsare rai, shi ne iya cewa a'a. Alhaji ya zo ya ce a ɗora masa bene a kan fandishon da aka yi don gidan ƙasa. Matashin akitek yana jin nauyinsa, yana kuma tsoron aikin ya kuɓuce. Ana iya koya masa yadda zai ce: ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba sai injiniya mai rajistar COREN ya auna ƙarfin ginin, ga dalili, ga wata mafita. Ya faɗa da ladabi, ya kuma rubuta ya ajiye kwafi. Idan mai gida ya dage, ya janye hannunsa. Wannan ba a zanen kwamfuta ake koyonsa ba, sai an zaunar da mutum an gwada shi.

Na biyar riƙon ofis. Rajista a CAC, asusun ofis daban da aljihun oga, rasit ga kowane kuɗi, fayil ga kowane aiki, albashi ga yaran da ke kwana suna zane. Sannan maganar kwamishan. Idan akitek yana karɓar kaso a ɓoye daga mai sayar da tayil ko rodi, to shawararsa ta daina zama ta mai gida. Sau nawa muka ga ofis ya mutu ranar da mai shi ya rasu, takardun gidajen mutane suka bi iska?

Na san abokaina akitek za su ce: malam, mutanenku ba sa son biya. Gaskiyarku. Mukan ba dillalin fuloti la'adarsa ba gardama, amma mu tsaya ciniki da wanda zai tsara inda 'ya'yanmu za su kwana. Gwamnati ma ba ta da bakin magana, don mun san yadda fayil ɗin biyan kuɗin ƙwararru ke kwana a tebur. Amma ai wannan ma darasi ne na sana'a. Mai shago ya san ba kowa ke sayen buhu ba, shi ya sa yake auna mudu. Me zai hana a samu ƙaramin farashi na shawarar awa ɗaya, ko na gyara filan, ko na zuwa fili sau uku kawai: ranar fandisho, ranar linta, ranar zuba dekin ko rufi? Ma'aikaci mai matakin albashi na takwas zai iya wannan.

Don haka kirana ga ARCON da rassan NIA na jihohi shi ne, a cikin tarurrukan ƙara wa juna sani da ake yi, a ware kaso na dole ga hulɗa da mai gida, ƙiyasin kuɗi da tafiyar da ofis, a kuma kawo su jihohi da kuɗi mai sauƙi, kada sai wanda zai iya biyan otal a Abuja ko Legas. Jami'o'i su riƙa haɗa ɗaliban ajin ƙarshe da magidanta na gaske, ɗalibi ya yi bayanin zanensa da harshen da mai gida ke ji, a ba shi maki a kan haka.

Mu kuma masu shirin gini, mu tambayi lambar rajista, mu nemi takarda kafin mu biya, mu tafi da uwargida zaman farko. Akitek da injiniyoyin da ke cikin abokaina, ina jiran ku a ƙasa, musamman kan maganar ƙaramin farashi: zai yiwu ko ba zai yiwu ba, kuma me ya sa? Allah ya ba kowa muhalli mai aminci.