Ba jifa ba ne, ƙwaƙwalwa ce

1/ Jiya a zauren WhatsApp na gidanmu wani babba ya rubuta wai kakanmu "jifansa aka yi". Can na yi shiru saboda girmansa, amma a nan sai na amayar. Zare ne, ku yi haƙuri.

2/ Shekara tara kenan Baba Tsoho na fama da cutar Parkinson. Lokacin da hannu kaɗai ke karkarwa, kowa ya yarda ciwo ne. Da ya fara manta raka'a nawa ya yi, yana ganin yara a ɗaki alhali ba kowa, sai zance ya koma aljanu da maƙiya. Haba jama'a!

3/ Shi kansa James Parkinson, likitan Landan da ya bayyana cutar a 1817, ya ɗauka ba ta taɓa hankali. Amma shi yana da uzuri, ba shi da na'urar leƙa cikin kai. Mu fa?

4/ Yau hoton MRI yana nuna yadda wasu sassan ƙwaƙwalwar irin waɗannan marasa lafiya ke motsewa, har da wurin da ke samar da acetylcholine, sinadarin da ke riƙe natsuwa da tuna abu.

5/ Hoton PET kuma yana nuna ɓangaren ƙeya, inda ake fassara abin da ido ya gani, ya rage cin sukari. Idonsa lafiya lau, mai fassarar ne ya gaza. To ina aljani a nan?

6/ A Sidni ta Ostareliya an bi marasa lafiya shekara 20. Sakamakon 2008: kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka rayu sun samu gushewar tunani. Duk su ma jifansu aka yi?

7/ Abin da ya fi ƙona min rai: kuɗin hayaƙi akwai, na ganin likitan ƙwaƙwalwa babu. Sai a je kemis a sayo Artane don karkarwa, alhali yana toshe aikin acetylcholine ɗin nan, ruɗewa ta ƙaru. Kar dai ku tsayar da magani da kanku, likita za ku gaya wa.

8/ Ban hana addu'a ba wallahi, ni ma ina yi masa. Amma ku daina ɗora wa amaryarsa laifi, ita ke wanke shi kullum. Litinin zan kai shi asibiti, mai son lada ya tura kuɗin mota. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.