Sharhi: Kafin Nijar ta ruɗu da na'urar numfashi ta zamani

Idan babur ya kayar da matashi a Yamai, wuyansa ya karye can sama, ba tafiya kaɗai yake rasawa ba. Numfashi ma na iya tsayawa. Dalili kuwa shi ne jijiyar firenik, wadda ke fitowa daga laka tsakanin ƙashin wuya na 3 zuwa na 5, ita ce ke kai umarnin ƙwaƙwalwa zuwa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Umarnin na yankewa, sai huhu ya daina shaƙar iska.

Tun shekarun 1960 likita William Glenn na Jami'ar Yale a Amurka ya nuna cewa za a iya zaburar da wannan jijiya da ɗan ƙaramin lantarki, majinyaci ya yi numfashi ba tare da an ɗaure shi da injin asibiti ba. Jarumin fim Christopher Reeve ya samu irin wannan dashe a 2003. A 2017 hukumar FDA ta amince da na'urar remedē ga masu ɗaukewar numfashi cikin barci, a 2021 kuma kamfanin ZOLL ya saye kamfanin da ke ƙera ta. Kuɗi sun shigo harkar sosai.

Sai dai kasuwa takan riga hujja. An ba da izinin dasa irin na'urar ga masu cutar shanyewar jijiyoyi ta ALS a Amurka a 2011, amma daga baya aka dakatar da gwaje-gwaje biyu, a Birtaniya da Faransa, saboda waɗanda aka yi wa dashen sun fi saurin mutuwa. Haka kamfanin Second Sight ya daina kula da na'urar ido ta Argus II, ya bar makafi ɗaruruwa da ƙarfe a jiki babu mai gyara. Kuma na'urar numfashin ba ta aiki sai jijiyar kanta da huhu suna lafiya.

Wannan darasi ne ga 'yan Nijar mazauna ƙetare, waɗanda kan haɗa gudummawa idan ɗan'uwa ya kwanta. Kafin a tura ko sefa ɗaya, a tambayi likita: wa zai yi aikin, wa zai duba na'urar bayan shekara biyar, ina za a samu kayan gyara?

Darasi ne kuma ga hukuma. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, da na Lamorde, da Babban Asibitin Kwatance sun fi buƙatar iskar oksijin marar yankewa, da ƙwararrun sashen kulawa ta musamman, da motocin ɗaukar marasa lafiya masu abin tallafe wuya. Ba a manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da Nijar ta dogara da ita.

Ba a ce a rufe ƙofa ga fasaha ba. Ma'aikatar Lafiya ta kafa ƙa'ida tun yanzu: duk kamfanin da zai kawo na'urar dashe ya gabatar da sakamakon gwaji, ya horar da likitocin Jami'ar Abdou Moumouni, ya sa hannu kan alkawarin gyara. Amma rai na farko da za a ceta yana bakin titi ne, a hannun mutanen da ke ɗaga wanda ya faɗi ba tare da sun riƙe masa wuya ba.