Jaridun da ke shiga gidajen Latino a Amurka da harsuna biyu

A daren 8 ga Oktoba, 2017, wutar daji ta tashi a arewacin jihar Kalifoniya, iska mai ƙarfi ta koro ta cikin birnin Santa Rosa tun kafin gari ya waye. Wannan wutar, wadda aka yi wa laƙabi da Tubbs, ta hallaka mutum 22, ta cinye gine-gine fiye da 5,600. Yankin Sonoma da Napa ƙasar noman inabi ce, kuma akasarin masu tsinkar inabin 'yan asalin Meziko ne da ke magana da Sifaniyanci. Sanarwar gaggawa da hukumomi suka riƙa fitarwa a kwanakin farko kuwa galibinta da Turanci take. Wata ƙaramar tashar rediyo mai suna KBBF, wadda take watsa shirye-shirye da harsunan biyu tun 1973, ita ce ta ɗauki nauyin da hukuma ta sauke. Masu aikin sa-kai suka zauna a bakin makirufo suna fassara sanarwa, suna amsa waya, suna faɗin hanyar da ke buɗe da mafakar da ke da sauran wuri.

Akwai kuma wata damuwa da babu amsarta a cikin kowace sanarwa, ko da an fassara ta tsaf: idan na je mafakar gwamnati, za a nemi takardun zamana a bakin ƙofa? Saboda wannan tsoron, iyalai da dama suka gwammace su kwana cikin motocinsu a bakin teku da su shiga ɗakunan da aka tanada. Mai fassara yana iya juya kalmomin hukuma zuwa wani harshe. Amma sanin tambayar da ke ƙirjin mai sauraro, da zuwa a matsa wa hukuma har ta amsa ta a fili, wannan aikin ɗan jarida ne da ya san gidan da yake yi wa magana. A ganina wannan shi ne abin da ya raba jaridar al'umma mai harsuna biyu da jaridar da aka fassara kawai.

Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna cewa mutanen da ake kira Latino, wato masu tushe a Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karibiyan, sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Ba kuma baƙi ba ne a fagen jarida. Tun 1808 aka buga El Misisipí a New Orleans. La Prensa ta New York ta fara a 1913, Ignacio Lozano ya kafa La Opinión a Los Angeles a 1926, ga kuma manyan tashoshin talabijin Univision da Telemundo. Mai karatu zai ce to ina rashin yake? Rashin yana a unguwa. Babbar tasha tana ba da labarin abin da shugaban ƙasa ya faɗa a Washington da sakamakon ƙwallo a birnin Meziko, amma ba ita za ta gaya wa mai sharar ofis a Oakland ranar da za a rufe karɓar takardar neman tallafin kuɗin haya a gundumarta ba. Jaridun birni da suka saba yin hakan kuwa suna ta mutuwa, domin talla ta koma intanet. Kamfanin Tribune ya rufe jaridarsa ta Sifaniyanci a Chicago, Hoy, a watan Disamba na 2019, watanni uku kacal kafin annobar korona ta rufe birnin.

Sai mu leƙa cikin gidan da ake magana a kai, domin a nan ne dalilin harsuna biyun yake. Yawancin Latino, kimanin kashi 70 cikin ɗari, suna jin Turanci sosai. Sai dai a ƙarƙashin rufi ɗaya ana iya samun kakar da ba ta jin ko kalma ɗaya, da uban da ke iya Turancin wurin aiki amma wasiƙar kotu ta fi ƙarfinsa, da 'yar makarantar da aka haifa a Amurka wadda take jin Sifaniyanci da kunne amma karatunta da Turanci ne. Matsayinsu a gaban doka ma ya bambanta: 'yar 'yar ƙasa ce, uwa tana da takardar zama, uba ba shi da komai. Sau da yawa wannan yarinyar ce tafintar gidan a asibiti da wajen mai gidan haya, tana fassara maganganun da suka girmi shekarunta. Jaridar da ta jera labari ɗaya da harsunan biyu a shafi guda tana ba uwa da 'ya damar karanta abu ɗaya su tattauna, maimakon ƙarama ta zama ita kaɗai ce ƙofar da labari ke shigowa ta cikinta.

Turancin yana da wani aiki na biyu, wanda ma ya fi na farko nauyi. Sifaniyanci yana kai labari cikin gida, Turanci kuma yana fitar da kukan gidan zuwa teburin wanda ke da ikon gyara. Wani daɗaɗɗen misali shi ne El Tecolote, ma'ana mujiya, wadda malami Juan Gonzales da ɗalibansa na jami'ar San Francisco State suka fara bugawa a 1970 don unguwar Mission, kuma har yau kyauta ake raba ta. A shekarunta na farko ta binciki yadda masu Sifaniyanci ke shan wahala idan suka buga layin neman agajin gaggawa, da yadda babban asibitin gwamnati na birnin yake duba marasa lafiya ba tare da ƙwararrun tafintoci ba. Mutanen unguwar ba su buƙaci a gaya musu wannan, su ne ke kwana da shi. Abin da ya sauya shi ne an rubuta shi da harshen da jami'ai ba za su ce ba su gani ba, kuma aka samu gyara a wuraren biyu. Da jaridar Sifaniyanci zalla ce, da mai yiwuwa kukan ya tsaya tsakanin masu yin sa.

Akwai kuma inda fassara kai-tsaye take zama tarko. A Meziko da wasu ƙasashen yankin, wanda ake kira notario público babban masanin shari'a ne mai lasisi na musamman. A Amurka kuwa mai laƙabi irin wannan da Turanci aikinsa kawai ya shaida cewa wane ne ya sa hannu a takarda, ba lauya ba ne. 'Yan damfara sun daɗe suna cin abinci da wannan kamannin suna: su kafa allo da Sifaniyanci, su karɓi dubban daloli, su cike wa mutum takardar da za ta iya jawo masa kora daga ƙasar. Ƙamus ba zai kuɓutar da kowa daga wannan ba, sai wanda ya san ma'anar kalmar a ƙasashen biyu.

Shekarar 2020 ce ta gwada irin waɗannan kafofi. A watan Fabrairu gwamnatin Trump ta fara aiki da dokar da ke ba da damar hana takardar zama ta dindindin ga wanda aka ga zai dogara da tallafin gwamnati. Dokar ba ta shafi kowa ba, ba ta kuma shafi kowane tallafi ba, amma jita-jita ta riga bayani isa gida, iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu 'yan ƙasa daga tallafin abinci da na magani da suke da cikakken haƙƙi a kansa. A watan Maris sai ga dokar agajin korona da ta ware dala 1,200 ga kowane baligi, amma ta tsame marasa lambar inshorar zamantakewa, har da mafi yawan 'yan ƙasar da suka cike takardar haraji tare da miji ko mata marasa lambar. Kalifoniya ta fito da nata tallafin na dala 500 ga baligi marar takarda, ta hannun wasu zaɓaɓɓun ƙungiyoyi, layukan wayarsu kuwa suka cushe tun ranar farko. Wane ne ya cancanta, wace lamba za a kira, karɓa za ta ɓata maganar takarda ko ba za ta ɓata ba? Ga gidan da aikinsa ya tsaya, waɗannan su ne manyan labaran mako.

A nan ne El Tímpano ta Oakland ta yi fice. Sunan yana nufin dodon kunne, kuma da gangan aka zaɓe shi. Madeleine Bair, wadda ta kafa ta a 2017, ba ta fara da buɗe shafin intanet ba. Ta shafe watanni tana bin coci-coci da ɗakunan karatu da wuraren taruwar jama'a tana tambayar mutane abin da suke son sani da hanyar da labari ke isa gare su. Amsar ta kai ta ga gajeren saƙon waya, wanda ba ya buƙatar kwamfuta ko intanet mai ƙarfi, kuma mai karɓa yana iya mayar da amsa. Saƙo ya fita da bayanin inda ake gwajin cuta, amsoshi su dawo da tambayoyi da koke-koke, ma'aikata su amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan idan koke guda ya yi ta maimaituwa ya zama labarin da za a bincika a buga da Turanci. A New York, Documented, wadda Mazin Sidahmed da Max Siegelbaum suka kafa a 2018, ta bi irin wannan hanya ta WhatsApp. A 2023 ta haɗa hannu da ProPublica suka fito da bincike kan cin haƙƙin ma'aikata, inda suka nuna cewa hukumomi sun tabbatar da danne albashin fiye da dala miliyan 200 a jihar cikin shekara biyar.

Wasu tsofaffin 'yan jarida suna yamutsa fuska, suna cewa wannan aikin ofishin jin daɗin jama'a ne, ba jarida ba. Ban yarda da su ba. Jaridar masu kuɗi kullum tana buga farashin hannun jari da sharhin sabuwar dokar haraji, babu wanda ya taɓa cewa ta bar aikinta. Bayanin yadda talaka zai hana a fitar da shi daga gidan haya ba bisa ƙa'ida ba shi ne shafin kasuwancinsa. Kuma matar da aka amsa wa tambaya a kan haya yau, ita ce gobe za ta yarda ta faɗi abin da ake yi musu a masana'anta, abin da baƙon ɗan jarida mai kyamara ba zai taɓa ji ba.

Inda nake da ja shi ne kalmar harsuna biyu kanta, domin tana ɓoye wasu. A unguwar Fruitvale ta Oakland akwai dubban 'yan ƙabilar Mam daga tsaunukan Gwatemala, waɗanda da yawansu Sifaniyanci harshe na biyu ne gare su, wasu ma ba sa jin sa, kuma rubutu ba shi ne hanyarsu ba. A gonakin Kalifoniya akwai Mixtec da Zapotec da Triqui daga kudancin Meziko. Mai karatu da ya san yadda ake ɗaukar duk ɗan Arewa a matsayin mai jin Hausa zai gane wannan nan take. El Tímpano ta ɗauki masu jin Mam aiki, tana isar da labari da murya da bidiyo. Radio Bilingüe, wadda Hugo Morales, ɗan Mixtec da ya tashi yana aikin gona ya kuma yi karatun lauya a Harvard, ya kafa a Fresno, ta daɗe tana da shiri da harshen Mixtec. A Oxnard ma akwai Radio Indígena. Amma waɗannan kaɗan ne idan aka auna da buƙata.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a warware ba. Mai karatun da aka kafa jaridar dominsa ba zai iya biyan kuɗin rajista ba, manyan masu talla ba sa zawarcinsa, kuma kowane labari sai an yi masa aiki sau biyu. Don haka yawancin waɗannan kafofi ba na neman riba ba ne, suna rayuwa da kyautar gidauniyoyi, wasu kuma da kwangilar isar da saƙonnin hukumomin lafiya na gunduma. Kyautar gidauniya takan zo da wa'adin shekara ɗaya ko biyu, ra'ayin masu bayarwa kuma yana juyawa. Kwangilar gunduma ta fi daɗewa, sai dai gundumar da ke biyan kuɗin saƙon yau ita ce mai asibitin da za a iya buƙatar a bincika gobe, kuma editan da ke da ma'aikata goma shi zai zauna ya yanke shawarar wanda zai fifita.