Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Yoyo

Tun daga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, kasuwar wasu ƙwararru ta buɗe, wato mashawartan da ma'aikatu ke ɗauka haya domin su koya musu amfani da ƙirƙirarriyar basira, su kuma ɗora wa kwamfuta ayyukan da a da ake yi da hannu, kamar lissafin albashi da tantance takardu da amsa koke-koken jama'a. Ganin haka ne kamfanin Accenture ya bayyana a shekarar 2023 cewa zai zuba dala biliyan 3 a wannan fage.

A ganina, sana'a ce mai amfani, amma mashawarci baƙo ne, kuma Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Tsarin biyan albashi na IPPIS da Gwamnatin Tarayya ta fara a shekarar 2007 ya taimaka wajen bankaɗo ma'aikatan bogi. Sai dai malaman jami'o'i sun daɗe suna kukan cewa bai yi la'akari da yanayin aikinsu ba, irin su hutun bincike da koyarwar ziyara. A watan Disamba na 2023 aka amince da cire jami'o'i da kwalejojin ilimi daga cikinsa. Haka kuma, kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin ya yi alfahari a 2024 cewa na'urarsa na yin aikin mutum 700, amma a 2025 shugabansa ya yarda cewa ingancin aikin ya ragu, har suka koma neman ma'aikata.

Saboda haka, wajibi ne a gindaya wa mashawarci sharuɗɗa uku. Na farko, ya zauna da ƙananan ma'aikata ya fahimci aikin kafin ya kawo na'ura, domin idan tsari karkatacce ne, kwamfuta za ta ƙara masa sauri ne kawai. Na biyu, ya kiyaye sirrin mutane kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada. Na uku, ya horar da 'yan gida, tunda kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan batu ya shafi malamin gobe kai tsaye, domin rajistar ɗalibai da haɗa sakamakon jarrabawa suna cikin ayyukan da ake miƙa wa na'ura. Ranar da mashawarci ya shigo makarantarku, kada ku zama 'yan kallo. Ku tambaye shi wanda zai ɗauki alhaki idan na'ura ta kayar da ɗalibin da ya ci jarrabawa.