A Biya Bashi Tun Ana Numfashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mun ji, mun yarda. Amma yaushe karin maganar nan ta zama lasisin cinye dukiyar mutane?

Ranar karɓa, mutum zai yi sammako, murya ƙasa-ƙasa, har da rantsuwa: "Wallahi albashi na shigowa zan kawo." Ranar biya kuwa, waya a kashe. In an je gida, a turo yaro ya ce Baba ba ya nan. In an yi kiciɓis a masallaci, sai ka ji: "Ai na tura, ba ka ga alat ba?" Ka matsa, ya murtuke fuska: "Wai nawa ne ma kuɗin naka?"

To in ba su da yawa, me ya hana a biya?

Ba da talakan da ya rasa na tuwo muke ba. Shi aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu. Da mai hali muke. Wanda mai shagon unguwa ke bi kuɗin shinkafa tun azumin bara, amma bana ya sake mota. Wadda tela ke bi kuɗin ɗinki, amma babu ankon da ke wuce ta. Wanda ya kwashi atamfa a Kantin Kwari "zuwa Juma'a", ya sayar, ya tafi Umara da kuɗin, ya dawo yana rabon dabino da zamzam.

Da wane baki ake roƙon Allah a gaban Ka'aba, da gumin wani a aljihu?

Kuma ba rashin sani ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jan ƙafar mawadaci wajen biya zalunci ne. An kawo gawa gaban Annabi (SAW), ya ƙi sallatar ta saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shahidi ma ana yafe masa komai, ban da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Mu kuwa, ka ce a rubuta, a ce ka ci mutunci.

Cutar ta kai har kuɗin hukuma. Rancen noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da yawa sun karɓe shi a matsayin rabonsu daga arzikin ƙasa, ko niyyar mayarwa babu.

Wa ke kwana a ciki? Jarin mai shago ya karye, ya rubuta "Ba bashi" a ƙofa. Adashi ya watse saboda wata ta kwashe ta daina zubi. Gobe uwar marayu ta zo neman kwanon masara zuwa ƙarshen wata, a hana ta, don wani mai babbar riga ya riga ya kashe amanar.

Masu bin bashi su ma su ji. Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki. Kotu na nan. Kuma wanda kuka san ba shi da shi, ku daina tozarta shi gaban iyalinsa.

Jama'a, mu daina kara ga wanda ba ya jin kunya. Wanda aka sani da taurin bashi, a faɗa masa ido da ido, kada a sake tsaya masa. Duk rance a rubuta, ko da tsakanin wa da ƙane ne.

Wanda ake bi kuwa, kada ya jira sanarwar da ake yi a wurin jana'iza, cewa duk mai bin mamaci ya ga iyalansa. Magada ta rabon gado suke yi. Ya ɗauki ƙafa yau ya je ya biya, ko rabi ne, ya sa ranar cikon a gaban shaidu.