Jibo Bakari: abin da tarihi ke bin mu bashi

A ƙauyukan Madarunfa da kewayen Maraɗi, dattawa ba su manta da alamar raƙumi ba, wato alamar jam'iyyar Sawaba. Amma yaran lakwal da yawa ba su san mutumin da ya jagorance ta ba. Wannan rashi ne da ya kamata a gyara.

An haifi Jibo Bakari a Sudure, kusa da Yamai, a 1922. Malamin makaranta ne, ya zama jagoran ƙungiyoyin ma'aikata. Sa'ad da RDA ta raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1950, shi ya ƙi bin wannan hanya. Daga nan Turawan mulki suka laƙaba masa sunan ɗan kwaminis.

To, me ya sa manoman gyaɗa na ƙasar Hausa suka bi shi? Ba littattafan Markis suka karanta ba. Haraji suka sani, da awon gyaɗa a kantunan Turawa, da danniyar masu iko. Kalmar sawaba kuwa ita ce ƴan NEPU ke faɗa a Katsina da Kano, ƙetaren iyaka.

A 1956 ya zama magajin garin Yamai. A 1957 jam'iyyarsa ta rinjayi majalisar ƙasa, ya shugabanci gwamnati. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 ya nemi jama'a su ce a'a ga tayin Janar Dagol, don a sami ƴanci nan take. Gwamna Kolombani ya sa ƙarfin hukuma a kansa, ya sha kaye, ya sauka. An haramta Sawaba a 1959, ya yi gudun hijira.

Gaskiya ɗaya ce: ɗaukar makamai a 1964 kuskure ne mai tsada. Talakawan da ya ce yana karewa su suka sha ɗauri da azaba, wasu aka harbe su a bainar jama'a. Ya komo gida a 1974, aka tsare shi a 1975, ya rasu a Yamai a 1998.

Ƙasar da ta ɓoye rabin tarihinta tana cutar ƴaƴanta. A koyar da labarin Jibo Bakari a makarantu, da alherinsa da kurakuransa, matasa su yi hukunci da kansu.