Ruwan Ido Iri Biyu Ne

Da wuya a sami gaɓar jikin da Bahaushe ya ɗora wa kaya kamar ido. Da shi yake auna kunya, ya ce wane ba shi da ta ido. Da shi yake auna wayewa, ya ce idon yarinyar nan ya buɗe. Mai bin diddigin mutane ɗan sa-ido ne, mai aiki don a yaba masa yana yin na ganin ido, wanda kuma ya rasa mai tsaya masa a ma'aikata sai ya ce ba shi da idon sani. Shi kuwa wanda aka baje wa kaya ya kasa zaɓen ɗaya, ruwan ido ne ya kama shi. Amma duk wannan arzikin kalmomi, ranar da idon kansa ya kamu da ciwo sai harshen ya koma aro da kame-kame.

Abin da ya sa na ɗauko zancen ya faru ne a majalisarmu, wata Asabar bayan la'asar. Muna da wani aboki ɗan kasuwa da ya shekara uku yana neman ƙarin aure. Yau an gan shi a wannan unguwa, gobe a waccan, kowace ya gani sai ya ce ta gaba ta fi. Ran nan ya iso jikinsa a sanyaye, ya zauna, ya ce, "Jama'a, daga asibiti nake. Likita ya ce matsalata ta ruwan ido ce."

Wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce, "Alhaji, nawa ka biya kuɗin kati? Ai da mu ka ba. Shekara uku muna gaya maka kyauta."

"Ku tsaya ku ji," in ji Alhaji. "Ya ce ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa iya tsawon rai."

"Wallahi likitan nan ya san aikinsa!"

"Ya kuma ce yana bin jini, wai in kai 'yan'uwana a duba su."

"Ai kuwa! Yayanka ma sai da ya haura arba'in kafin ya tsai da mata."

Sai da ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalbar maganin ɗigawa, ya ce sunan ciwon hawan jinin ido, sannan dariya ta lafa. Nan kuma aka buɗe sabon babi. Wani mai fama da hawan jini ya ce abu mai sauƙi, ya rage gishiri, ya dinga shan zoɓo ba sukari, in ya so ma ga ƙwayoyinsa su raba. Wani ya ce ai yana ce, a bari ta nuna a cire, haka aka yi wa kawunsa. Aka juyo gare ni, "Dakta, me ka ce?" Na tuna musu cewa dakta irin tawa ta alli da allo ce, ko allura ban iya ba.

Fahimtar farko ba ta da illa, raha ce ta abokai. Biyun da suka biyo baya su ne ke makantar da mutane.

Ciwon da likitoci ke kira gilakoma daban yake da hawan jinin da ake aunawa a dantse. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, daban da hawaye, wanda idon ke samarwa dare da rana, yana kuma fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta cushe sai ruwan ya taru, matsinsa ya hau, ya yi ta danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. A awon likitoci, matsin idon mafi yawan masu lafiya yana tsakanin 10 da 21. Ashe dai Alhaji bai yi wa likitansa ƙarya ba, zancen ruwa ne. Mutum zai iya kasancewa jininsa lafiya lau alhali idonsa na cinyewa, kuma ƙwayar hawan jini ba ta tsaya a madadin maganin ɗigawa. Duk wanda ya fara laƙaba masa suna hawan jinin ido ya so sauƙaƙa wa jama'a ne, amma ya bar mu da aiki.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ladabinsa. Nau'in da ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi. Daga gefe yake fara ci, tsakiyar gani tana nan ras, mutum yana karanta jaridarsa yana ƙirga kuɗinsa. Sai ranar da ya fara karo da ƙyauren ɗaki, ko babur ya ɓullo ta gefensa bai gani ba. Abin da ya tafi kuwa ya tafi ke nan, domin jijiyar ba ta farfaɗowa. Magani, ko na ɗigawa ne ko tiyata, tsare abin da ya rage kawai yake yi.

Yana kuwa hazo ne da ke rufe madubin cikin ido. Ana cire madubin a sa na roba, cikin aikin da galibi bai kai rabin awa ba, gani ya dawo. Shi ya sa shawarar "a bari ta nuna" take da haɗari ga mai gilakoma: yana zaune yana jiran ranar aiki, alhali ranar da ya je babu sauran abin da za a ceto.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan, kuma Arewa maso Gabas ce kan gaba da kashi 6.1. Yana ce ta ɗaya wajen haddasa makantar, da kashi 43, gilakoma na biye da kusan kashi 17. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar daga wannan bincike ya nuna kusan mutum 5 cikin kowane 100 na masu waɗannan shekaru suna ɗauke da gilakoma, amma waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba. Ana cewa ciwon ido sai haƙuri. Karin maganar ta dace da Afolo, mai zuwa da ja da kwantsa ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. A nan haƙuri sanda yake saya wa mai shi.

Awon ba wuya gare shi ba. Ana yin sa a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa. Wanda ya kai arba'in, musamman in wani na jininsa ya makance ba a san dalili ba, ya nemi a auna matsin idon a kuma leƙa jijiyar, don akwai masu ciwon da matsinsu bai hau ba. Karanta haruffan allon mai gilashi a bakin kasuwa bai wadatar ba. A kuma yi hattara da magungunan ɗigawa na kemis masu wanke jan ido nan take, domin wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke hau da matsin ido in aka daɗe a kansu. Masu ajiye magani dungurungum saboda azumi su ma su koma wa likita, sau da yawa ana iya mayar da lokacin zuwa sahur da bayan buɗa-baki.

Sauran aikin na masu harshe ne, mu malaman jami'a da 'yan rediyo da masu fassara a ɗakin likita. Ni dai da za a bi tawa, da an sauke jini daga sunan nan an ce matsin ruwan ido. Na san zai sha zolaya a majalisu, amma ba zai tura kowa neman ƙwayar maƙwabcinsa ba.